Daga Maƙera Zuwa Ɗakin Gwaji: Ilmin Ƙarafa da Haƙƙin da Ke Kanmu



Muna godiya ga mutanen Maikujera da suka ba mu masauki, da kuma shugabannin ɗaliban Wurno da Rabah da Goronyo da suka ɗora mana nauyin yin magana a madadin masu karatun kimiyyar sinadarai. An nemi mu yi bayani a kan wani reshe na wannan ilmi wanda ɗalibai da yawa suke gudu, watau reshen da ya shafi ma'adinai da ƙarafa, musamman waɗanda ake kira ƙarafan tsakiya. Mun san abin da ake faɗa a kansa a ɗakunan kwana: wai hadda ce tsagwaronta, wai ilmin Turawa ne wanda bai shafi tuwonmu ba, a dai samu a tsallake jarrabawa a huta. Mu ma mun faɗi haka a shekararmu ta farko. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, da wuya a sami darasi a jami'a wanda ya fi wannan kusa da gida, kuma rashin saninsa ya riga ya ci mana dukiya, ya ci mana rayuka.

Bari mu fara da kalmar kanta. A yau duk abin da aka zuba a kwalba cikin ɗakin gwaji sinadari muke ce masa. Amma tun kafin a gina makarantar boko a ƙasar Hausa, sinadari sunan wani farin gishiri ne guda ɗaya da fatake suke kawowa. Maƙeran farfaru suna liƙe ƙarfe da shi, dukawa kuma su gauraya shi da garin tagulla su fitar da tsanwar fata. Watau ke nan sunan da muka raɗa wa wannan ilmi baki ɗaya, daga maƙera da rumfar dukawa muka samo shi.

Su wane ne ƙarafan tsakiya?

A shekarar 1869 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadarai na asali cikin jadawali bisa nauyinsu da halayensu. Yau jadawalin nan yana ɗauke da sinadarai 118. A hannun hagu akwai ƙarafa masu zafin hali, irin waɗanda ke cikin gishiri da kanwa da farar ƙasa. A hannun dama akwai waɗanda galibinsu ba ƙarafa ba ne, kamar farar wuta da iskar oksijin. A tsakanin biyun nan ne namu suke zaune. Sahunsu na farko ya tashi daga lamba 21 zuwa 30: sikandiyam, titaniyam, banadiyam, kuromiyam, manganis, baƙin ƙarfe, kobal, nikel, jan ƙarfe da tutiya. A sahu biyun da ke ƙasa da su ake samun azurfa da zinariya da zaiba, da wasu kamar molibdinam da niyobiyam.

Littattafai sukan lissafa musu halaye da yawa, ɗalibi kuma ya zauna yana haddace su ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa duk daga tushe guda suka fito. Kowace ƙwayar zarra tana da ilektaron da ke kewaya cibiyarta, kuma a waɗannan ƙarafa akwai wani sashe mai ɗakuna biyar, kowane ɗaki yana ɗaukar ilektaron biyu, goma ke nan jimilla. A yawancinsu ɗakunan nan ba su cika ba. Saboda haka ne suke iya ba da ilektaron biyu yau, gobe uku. Saboda haka ne suke da launi. Saboda haka ne kuma suke iya tara wasu sinadarai kewaye da su, su hanzarta aikin da in ba don su ba da ya ƙi yiwuwa. Tutiya, wadda ɗakunanta biyar suka cika maƙil, gishirinta fari ne kamar kanwa, har masana suna gardamar ko ta cancanci a lissafa ta cikinsu. Wanda ya riƙe wannan tushe ya rage wa kansa rabin hadda.

Hali na farko: sauya mataki

Akwai rijiyoyin burtsatse waɗanda idan an ɗebo ruwansu za a gan shi garau, amma a bar shi a bokiti ya kwana, da safe sai a tarar ya yi ja, ya bar tsatsa a gindin bokitin, yana ɓata farin tufa, yana ƙarni a baki. Wani ya ce rijiyar ce ba ta da albarka, wani ma ya ce da sa hannu. Ga abin da ya faru: a can ƙarƙashin ƙasa inda iska ba ta kaiwa, baƙin ƙarfe yana mataki na biyu, watau ya ba da ilektaron biyu, kuma a wannan mataki yana narkewa cikin ruwa ba a ganinsa. Da ruwan ya sha iska, sai oksijin ta ƙwace masa ilektaron na uku, ya koma tsatsa, ya kwanta. Da zarar ƙarfe ya haura miligiram 0.3 a lita ɗaya, sai a fara ganin wannan illa. Maganin kuwa ba mai tsada ba ne: a watsa ruwan cikin iska, a bar shi ya kwanta, a tace shi da yashi. Amma sai wanda ya san dalili zai san magani.

Wannan mataki na uku shi ne jan da muke gani a marmara, da tsakuwar da ta rufe kan tuddai tsakanin Wurno da Goronyo, da jar ƙasar da muke gini da ita. Masana duwatsu a ƙasashen waje sun san sunayen Taloka da Dukamaje da Wurno, domin da su aka raɗa wa shimfiɗun ƙasar wannan yanki suna. Har wata dabbar teku da ta shuɗe, wadda aka tono ƙasusuwanta a nan, masana daga Italiya suka sa mata sunan Goronyo a 1972. Baƙi sun karanta ƙasarmu shafi-shafi, mu kuwa muna ta takawa muna wucewa.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Sun san tama, sun san inda take, sun san gawayin ƙirya ya fi na kowane itace riƙe wuta. Aikin mai narkar da tama shi ne ya mayar da ƙarfe daga mataki na uku zuwa asalinsa, iskar da gawayi ke fitarwa tana zare masa oksijin. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538, tanderun gargajiya kuwa wajen 1,200 take kaiwa, shi ya sa ƙarfen yake fitowa curi guda haɗe da datti, sai maƙeri ya yi ta dukansa da masaba har ya tsarkaka. An tono irin waɗannan tanderu a Taruga waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma labarin gargajiya na Kano ya ce neman tama ne ya kawo maƙera daga Gaya zuwa gindin Dala. Sana'ar ta mutu a zamanin Turawa sa'ad da guntayen ƙarfen reluwe da na mota suka yi arha. Masu ita sun tafi da saninsu, ba mu rubuta ba.

Hali na biyu: launi da fadawa

Majemi ya jeme fatar jar akuya da bagaruwa. Baduku ya samo kashin maƙera ko guntayen ƙarfe, ya jiƙa su cikin ruwa mai tsami su yi kwanaki, ya sami kuloko. Da kuloko ya taɓa jemammiyar fata sai wurin ya yi baƙi ƙirin, wanki kuma ba ya fitar da shi. Me ya sa?

Amsar tana cikin aikin Alfred Werner, wanda ya koyar a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan. A zamaninsa masana sun ruɗe da wasu gishirai na kobal da amoniya, kayan haɗinsu kusan ɗaya, amma wannan rawaya, wannan shunayya, wancan kore. A 1893, yana ɗan shekara 26, Werner ya ce ƙwayar ƙarfen tana zaune ne a tsakiya, wasu sinadarai suna kewaye da ita a ƙayyadaddun wurare, galibi shida, wani lokaci huɗu. Mu ce sarki ne da fadawansa: kowane bafade da mazauninsa, kuma halin fada ya dogara da su wa suke zaune, da inda kowa ya zauna. Wannan bayani ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1913.

Masanan da suka biyo bayansa suka gano cewa idan fadawa shida suka kewaye sarki, ɗakunan nan biyar ba sa zama daidai: uku su yi ƙasa, biyu su yi sama. Ilektaron yakan haɗiye wani yanki na haske ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama, sauran hasken da ya rage shi ne launin da idonmu yake gani. A sauya fadawa, tazarar ta sauya, launi ma ya sauya. Duk wanda ya shiga ɗakin gwaji ya ga shuɗin gishirin jan ƙarfe: a gasa shi ruwan jikinsa ya fita, ya koma fari, a ɗiga masa ruwa, shuɗin ya dawo, a zuba masa amoniya, ya yi shuɗi mai duhu kamar baba. A kuloko kuwa, sinadarin bagaruwa ne bafaden, ya rungumi baƙin ƙarfe, kuma ilektaron daga jikin bafaden yake tsallakawa zuwa ga sarki, shi ya sa launin ya yi ƙarfi har ya zama baƙi. Baduku ya daɗe yana aiki da wannan ilmi da hannunsa. Abin da jami'a take ƙara mana shi ne dalili da ma'auni.

Hali na uku: zuga aiki

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da shuka ta fi bukata, amma ba ta iya cinsa daga iska. A 1909 Fritz Haber na Jamus ya nuna yadda za a haɗa shi da haidirojin a sami amoniya, a 1913 kuma Carl Bosch ya kafa masana'anta ta farko a Oppau. Ana bukatar zafi wajen digiri 450 da matsi mai tsanani, amma duk da haka aikin ba ya tafiya sai an sa baƙin ƙarfe. Kamar ɗan zuga yake a maƙera, ba ya shiga cikin fartanya, amma in babu shi babu fartanya. Duk buhun yuriya da manomi ya zuba wa shinkafa ko albasa ko tafarnuwa a fadamar Rima, ƙarƙashin madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, ta wannan hanya ya biyo.

Abin mamaki, a saiwar wake da gyaɗa akwai 'yan ƙulle-ƙulle waɗanda wasu ƙwayoyin halitta suke yin wannan aiki a cikinsu, ba wuta ba matsi, da taimakon baƙin ƙarfe da molibdinam. Manomin da yake shuka wake tsakanin gero ya san gonarsa tana ƙaruwa. Har yau kuwa babu masana'antar da ta iya kwaikwayon wannan sauƙi.

A jikinmu ma haka ne. Baligi yana ɗauke da baƙin ƙarfe wajen giram huɗu, yawancinsa cikin jini. A can ma sarki ne da fadawa: huɗu sun kewaye shi, na biyar ya riƙe shi ta ƙasa, kujera ta shida an bar wa oksijin, ta hau a huhu ta sauka inda ake bukatarta. Iskar da ke fita daga gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, ba launi ba wari, ita ma wannan kujera take nema, kuma riƙonta ya fi na oksijin sau fiye da 200. Dalilin ke nan da ake tarar da iyali guda sun kwanta lafiya da hunturu ba su tashi ba.

Abin da rashin sani ya ci mana

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, wadda har zuwa 1996 jiha ɗaya muke da ita. An ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, ashe dalma ce. Zinariya ta yi tsada, mutane suna haƙo dutsenta suna kaiwa gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida inda yara suke rarrafe. A wasu gidaje an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasar tsakar gida, alhali iyakar da hukumomin Amurka suka yarda da ita a lokacin 400 ce. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, a garuruwa irin su Dareta da Abare da Bagega. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Dalma ba ta cikin ƙarafan tsakiya, amma ɓarnarta da maganinta duk a darasinmu suke. Tana kashewa ne domin tana ture tutiya da kalsiyam daga mazauninsu cikin jiki, ta hana yin jini, ta lalata ƙwaƙwalwa. Maganin da aka ba yaran kuwa bafade ne mai hannu biyu, ya kama dalma kamar yadda awartaki yake kama ƙarfe, ya fita da ita cikin fitsari. Ilmin Werner ke nan a bakin gadon asibiti. Tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce, masu digiri nawa ne suka bi ta waɗannan kasuwanni suka ga dutsen nan mai ƙyalli ana niƙawa, ba su gane shi ba? Shi ne fa dutsen da ake yin yawancin kwallin da ake sa wa jarirai a idanu.

A Kano, masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa da gishirin kuromiyam suke aiki maimakon bagaruwa. Kuromiyam a mataki na uku yana jeme fata, illarsa da sauƙi. A mataki na shida guba ne mai haddasa ciwon daji. Jami'in da aka tura ya duba ruwan da ke fita daga masana'anta, in bai san wannan bambanci ba, me zai rubuta?

Ta wajen dukiya kuma, a Jos masu haƙar kuza sun yi shekaru suna zubar da wani baƙin yashi a matsayin datti, sai daga baya aka gane kolumbait ne, uwar niyobiyam, wanda ake ƙarfafa ƙarfen injin jirgin sama da shi. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, amma ɗanye aka yi ta lodawa a jirgi. An fara aikin masana'antar ƙarfe ta Ajakuta a 1979 domin narkar da tamar Itakpe, aka haura shekara 40 babbar tanderunta ba ta narkar da tama ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Yaya za mu yi karatun?

Na farko, mu nemi dalili kafin hadda. Kowa ya zana jadawalin nan da hannunsa har ya san maƙwabcin kowane ƙarfe. Wanda siffar fadawa shida ta ƙi shiga masa a takarda, ya mulmula laka ya soka mata tsinke shida ya juya ta a hannu. Kada kuma mu raina lissafi, domin ba a auna komai sai da shi.

Na biyu, mu riƙi gaskiya a ɗakin gwaji. Mun sani akwai jami'o'in da ɗalibai goma suke tsayuwa kan kwalba ɗaya, akwai ranar da ba wuta, akwai ranar da ba ruwa. Wannan ba hujja ba ce ta kwafe sakamakon 'yan bara. Ɗalibin da ya saba rubuta lambar da bai auna ba, ranar da ya zama jami'i zai sa hannu a kan ruwan da bai gwada ba. Kuma ba kowane gwaji ne yake bukatar na'ura mai tsada ba: a jiƙa bagaruwa a tace, a ɗiga a ruwan rijiya, in akwai ƙarfe da yawa zai yi duhu. Gani ya kori ji.

Na uku, idan lokacin binciken shekarar ƙarshe ya zo, mu waiwayo gida. Nawa ne ƙarfe da manganis a rijiyoyin Maikujera da rani, nawa ne da damina? Ƙasar fadamarmu tana da isasshiyar tutiya ga shinkafa? Me ke cikin kwallin da ake sayarwa a kasuwar Wurno? Waɗannan tambayoyi sun isa digiri, amsarsu kuma tana da masu jira.

Na huɗu, mu zauna gaban tsofaffin maƙera da majema da dukawa da ladabi, mu tambaya, mu rubuta, tun suna raye. Abin da muka koya kuma mu iya faɗinsa da Hausa. Wanda bai iya bayyana wa mahaifiyarsa dalilin da zai hana ta kwana da gawayi a ɗaki ba, bai gama fahimtar darasin ba.

Ku kuma yayyenmu da ke ofisoshin ruwa da lafiya da gona da ma'adinai, roƙonmu gare ku ƙanƙane ne. Kada a karɓi rijiya daga ɗan kwangila sai da takardar gwajin ruwa. Kada a ba da izinin haƙar ma'adini ba a san abin da ke cikin dutsen ba. Idan ƙaramin ma'aikacin gwaji ya kawo rahoton da ba ya da daɗin ji, a saurare shi. Rigakafi ya fi magani.

Jama'a, wannan kira ba sabo ba ne a ƙasarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa yake Wurno, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya sa kula da masu sana'a, har da maƙera da marina da masu magani, cikin wajiban shugaba. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, ya kafa jami'a a Zariya a 1962. A 1975 aka kafa ta Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Sun yi nasu, an gina mana ɗakunan karatu, iyayenmu sun sayar da albasa da awaki sun biya mana. Abin da ya rage shi ne, ranar da aka sake ganin baƙon dutse a kasuwa ko jan ruwa a rijiya, a sami ɗan gida wanda zai ce ga abin da yake, ga kuma abin yi. Mu koma makaranta da wannan niyya, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.